Motar Yaya da Idon Inna

Yayana ya sayo mota a shekarar da idon Inna na dama ya fara yi mata hayaƙi. Na hagun ya daɗe da tafiya, tun ina ƴar lakwal, wato makarantar boko, kuma ba wanda ya kai ta ko'ina a kansa. An ce ƙaddara ce, aka ci gaba da sa mata kwalli. Da na daman take tsince tsakuwa cikin wake, da shi take zura zare a allura, da shi take hango jikokinta tun daga bakin rijiya. Shi kaɗai ya rage mata.

Garinmu yana can bayan Allakaye, bisa dutse. Wanda bai san Adar ba, in ya ji an ce hanya sai ya ɗauka hanya ake nufi. Tamu baƙaƙen duwatsu ne da ruwa ya tone ya bari, sai koramai masu zurfi cike da yashi, sai gangaren da jaki ma yakan tsaya ya yi shawara kafin ya sa ƙafa. Motar kasuwa ce kaɗai ke hawa, ranar kasuwa, tana kuka, fasinjoji na sauka suna sa mata dutse bayan taya don kada ta koma da baya. A kan wannan dutsen aka yanke wa Yaya cibiya. A kansa ya yi kiwon awaki, a kansa ya farfasa yatsun ƙafarsa. Amma da ya yi shekaru yana biɗa a Abijan, Allah ya buɗa masa, ya tashi sayen mota, sai ya biyo ta Kwatano, ya duba motocin da jirgin ruwa ya sauke kaf, ya zaɓo wadda cikinta ke lasar ƙasa.

A Madawa na fara ganinta. Lokacin ina koyarwa a Buza. Ya kira ni a salula ya ce in zo in ga abin arziki, na biya motar haya na je. Na same shi a wani garaji bakin gudron, wato titin kwalta, ya dasa baƙin tabarau a fuska, samari sun zagaye shi suna dafa shayi. Ga mota nan ja wur, mai ƙofa biyu, ta baje a ƙasa kamar ƙadangare yana shan hantsi. Na zagaya ta, na duƙa na tura hannu ƙarƙashinta. Da ƙyar tafina ya shiga.

Na ce, “Yaya, karyewa tay yi bisa hanya?”

Samarin suka bushe da dariya, har ɗaya ya zubar da shayinsa. Yaya ya girgiza kai irin na mai tausayin jahili.

“Ke ba ki san mota ba. Ispor ta, motar tsere. Nasaran da yam mallake ta shi yas sauke ta da gangan, don ta kama hanya.”

“Wace hanya?”

“Hanya mana.”

“Tamu?”

Ya cire tabarau ya harare ni. “Ke dai ba ki barin halinki.”

Daga baya ɗaya daga cikin samarin ya shafa mini cewa tun daga iyaka, duk tudun da aka yi bisa gudron don motoci su sassauta, sai an sauka an lallaɓa ta ta hau shi a karkace, cikinta na ƙara. Da alfahari ya faɗa mini, wai alamar motar manya ke nan.

Da abin ya tsaya nan, da dariya zan yi in koma ajina. Abin da ya hana shi tsayawa nan shi ne, Yaya ɗan farin Inna ne. A wurinmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ba ta kiran sunansa. Ba ta kallon fuskarsa. Ba ta taɓa roƙonsa ko gishiri ba. Kakarmu ce ta raine shi, kuma tun yana rarrafe in ya nufo Inna sai ta kau da kai. In dole ta ambace shi, sai ta ce “wancan”, ko “na Abijan”. Mu da muka zo daga baya mun sha zagi, mun sha goyo, mun sha dariya, duk a fili. Shi kuwa sai daga nesa. Amma wallahi na sani, in an haɗa mu duka a ma'auni ba mu kai rabinsa a zuciyarta ba. Man shanun da take ɓoyewa cikin tulu, nasa ne. In ya kira waya sai ta miƙo mini da sauri kamar ta ɗauki garwashi, sannan ta matso kusa da ni tana gyaran tabarmar da ba abin da ya same ta, kunnenta na wajen muryarsa.

Bayan an gama yankan hatsi na kai ta dispansar na Allakaye. Majo, wato babban mai jinyar wurin, ya haska idon da ƴar fitila, ya danna shi a hankali da yatsa, ya ja ni gefe. Ya ce wannan ba yana ba ce da ake kankarewa ido ya buɗe. Ruwa ne ya taru cikin idon yana danne jijiya, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya ce shi ba shi da maganinsa, in kai ta wajen likitan ido a Tawa tun sanyi bai wuce ba.

Na samu direban motar kasuwa, na kama mana gidan gaba, na zo na gaya wa Inna ta haɗa kayanta.

Ta ce, “Ba ni shiga.”

“Don mi, Inna?”

“Garin ga duka sun ji wancan ya sawo mota. In hita in shiga ta haya, tsakanin awaki da buhunnan albasa? Mi za a ce da shi?”

“A ce abin da anka ga dama! Maganar ido a kai, Inna.”

“Idona na. Ba ni zubda mishi mutunci bisa ido guda.”

“To, in gaya mishi kin ce shi zo shi kai ki.”

Ta ja mayafi ta rufe baki. “Kul! Yaushe nic ce? Ni ban aike ki ba.”

Ba za ta shiga motar wani ba, ba za ta kuma nemi a kawo mata tasa ba. Na fita tsakar gida na harbi wani tsohon kwano har ya bugi bango, kaji suka watse. Sannan na kira shi na gaya masa duk abin da majo ya ce, ban rage komai ba.

Ya ce, “Na ji. Jibi-jibin nan ina hawowa. Ni da kaina za ni kai ta.”

Ya kuwa taso, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya taso da rakiyar babura gaba da baya, ana ta busa oda kamar an ɗauko sabon ɗan majalisa. Sun wuce Buza, sun bar hanya mai kyau, suka iso koramar farko. Nan wani dutse da bai fi ƙwarya ba ya fasa kaskon da ke riƙe man inji a ƙarƙashin motar. Baƙin mai ya tsiyaye bisa duwatsu. Wani kamyon, babbar motar ɗaukar albasa, shi ya ja ta da igiya ya mayar da ita garajin da ta fito.

Shi kuma ya hawo gari bisa babur ɗin kabu-kabu, ba oda, ba tabarau. Ina nan ya yi sallama. Inna na jin muryarsa ta shige ɗaki, ta zauna bakin gado, ta ba ƙofa rabin baya, ta sauke mayafi har bisa hanci. Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ta, ta amsa wa bango.

Ya ce, “Inna, an ce ido na damun ki.”

Ta ce da ni, “Ki ce mishi da sauƙi.”

Ya waiwayo ya dube ni. “Kin ji ko?”

Na ce ya tashi ya ɗaga mayafin ya duba da idonsa. Ya zaro ido kamar na ce ya tuɓe a masallaci. Ɗan fari ya ɗaga mayafin uwarsa? Ita kuma ta ce in fita mata daga ɗaki tun ba ta saɓa mini ba. Ya zo tun daga Abijan, ya durƙusa kusa da idon da tsawon tabarma ɗaya, ya tashi bai gan shi ba.

A waje, ƙarƙashin itacen bedin ƙofar gida, ya sassauta murya. Ya ce shekarun da ya yi yana tura kaya cikin ruwan saman Abijan, yana kwana a shago bisa kwali, ba abin da ke riƙe shi sai abu ɗaya: ranar da zai tsaya da motarsa a ƙofar gidan nan, ya buɗe wa Inna ƙofa, ta shiga gaban mutane. Ya ce ya yi wa kansa alkawari ba ta sake shiga motar wani. Idonsa ya yi ja yana faɗa. Har ga Allah yake maganar, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi, don da ƙarya yake yi da na san yadda zan yi da shi.

Na ce, “To yi hayar kat-kat, mai hawan dutsen nan, ta kwana guda, ka tuƙo ta da kanka.”

“Mai mota shi yi hayar mota? Ke kam!”

Uwa da ɗa, ba sa magana da juna, amma bakinsu ɗaya.

Nan maganar manyan tayoyi ta shigo. Mai garajin nan, wani mai tumbi da zaƙin baki wanda ba ya kiran Yaya da komai sai “patron”, shi ya kawo shawarar. Mutumin nan tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa ce wa mai kuɗi a'a ba. Ya ce abu mai sauƙi ne, a sa mata manyan ƙafafu, cikinta ya tashi daga ƙasa, ta taka dutse ta wuce. Yaya ya ji daɗin maganar, don a bidiyoyin da yake kallo cikin salula duk motocin ƴan gayu manyan ƙafafu gare su.

Ni ban san mota ba, an riga an gaya mini. Amma na tambaya, tunda nasaran gajerun resor ya sa mata ya sauke ta, wato murɗaɗɗun ƙarafan nan da gangar mota ke zaune a kansu, me zai hana a cire su a mayar mata da dogaye?

Yaya ya ce, “In an ɗaga ta ai ta koma taksi. Kyawonta a sauke.”

Mai garaji ya ce, “Gaskiyar patron.”

Wato yana son ta a kwance don idon mutane, yana kuma son ta a tsaye don dutse. Na kama haɓa.

A bayan garajin akwai gawar wata kat-kat ta wani proje na raya karkara da ya watse tun tuni. Ƙafafunta aka kwanto. Aka ɗaga jar mota, aka kawo ƙafa za a ɗaura, sai aka ga ramukan janti, ƙarfen da taya ke zama a kai, ba su zo daidai da ƙusoshin motar ba. Manya-manyan maza sun tsaya suna juya ƙafar dama da hagu, ko Allah zai sa ramukan su canza wuri. Da suka gaji, aka aika Ƙonni a yanko faifan ƙarfe da zai haɗa su. Faifan ya yi makonni bai zo ba. Da ya zo, ba daidai ba, aka sake mayarwa.

A tsakanin nan Inna ta daina tsince wake. Ta ce ƙiwa take ji. Ta fara ɗaure kai da tsumma tamau don ciwon da ke sarar mata goshi. Ta tambaye ni wata rana me ya sa fitilun yanzu suke da zobe kewaye da su.

Da aka ɗaura ƙafafun, suka fito waje daga jikin motar kamar kunnuwan jaki. Aka sauke ta daga kirik ɗin da aka ɗaga ta da shi, sai bakin ƙarfen da ke rufe da taya ya zauna daram bisa roba. Ai dole, ramin an yi shi don ƙaramar ƙafa ne, an kuma sauke motar a kansa. Aka kawo guduma. Motar da Yaya ba ya bari ko ƙuda ya sauka a kanta, yana tsaye ana dukanta, jan fenti na tsalle, yana cewa a yi a hankali. Aka samu ta motsa. Aka fita gwaji bisa gudron, ta tafi miƙe tiryan-tiryan, samari na ihu. Da aka zo juyowa, ya murɗa sitiyari, taya ta ciji ƙarfe ta ƙi. Sai da samarin suka bi ta da gudu, suka yi ta tura ta gaba da baya kafin ta fuskanci gari. Motar da ba ta san kwana ba, ita za ta hau dutsen da babu taku goma a miƙe.

Sai aka kawo injin yankan ƙarfe. Aka yanke bakin ramukan tayoyin duka, aka yanke robar da ke gabanta, aka yanke ta gefe. Kowane mako in na kira, an kusa. Saura kaɗan. Jibi.

Sanyi ya wuce. Aka cire albasa a fadama. Zafi ya sauka.

Wata ranar kasuwa na ce yau ko ana ha-maza sai ta tafi. Na sa direban motar kasuwa ya shigo har ƙofar gida. Yana ta oda, fasinjoji na ta tsaki, Inna ta shige ɗaki ta sa sakata. Na yi magiya, na yi kuka, na buga ƙofa har hannuna ya kumbura. Sai ga Kawu, ƙanen Inna, ya taho da carbi a hannu, ya tsaya a kaina.

“Ke ɗiyar lakwal, ba ki da ta ido? Uwarki na yi ma ɗanta kara, ke kina son ki tona mishi asiri tsakar gari?”

Na ce, “Kawu, in ta makance kai za ka ja mata sanda?”

Ya ce Allah ya shirye ni, ya juya. Mota ta tafi da awakinta.

Matan unguwa kuwa sai yabo. Suna shigowa suna zama suna cewa, kai, macce mai kara, irinku sun ƙare. Suna faɗa tana laluben ludayi a gabansu, suna gani. Maza ma ba a bar su a baya ba. Mutanen garinmu sun san dutse, sun shekara suna jera shi a gonaki don tare ruwa. Sai ga shi sun yi gayya, da kiɗa da fura, sun kwashe duwatsun mashigar gari, sun cike ramuka, don kada motar ɗan gari ta ji ciwo ranar da za ta shigo. Har rumfar kara suka kafa mata kusa da bedi don kada rana ta ci fentinta. Gari guda ya tashi tsaye saboda cikin mota. Ban ga mutum ɗaya da ya je ya ce wa tsohuwar nan ta tashi a kai ta likita ba.

Na koma Madawa a fusace. Na tarar da sabuwar masifa. Motar tana tafiya, tana kwana, in Yaya ne kaɗai a ciki. Ranar da mai garaji ya shiga ya zauna kusa da shi da tumbinsa, sai gangar ta sauka bisa tayoyin, suka yi ƴar tafiya hayaƙi ya tashi, unguwa ta cika da warin ƙonanniyar roba. Duk watannin nan ba wanda ya tuna cewa motar da ake gyara don ta ɗauki mutum, wata rana mutum zai shiga cikinta.

Na same su sun yayyanka tsohuwar taya suna cusa guntayen tsakanin murɗin resor, suna bugawa da guduma, don gangar ta ɗaga. Wato abin da aka ce ba za a yi ba tun farko, shi ake yi yanzu, da tsumman roba, bayan an gama yi wa motar kaca-kaca.

Ban gaishe da kowa ba. Na tsaya gaban samarinsa na ce masa idon uwarsa na mutuwa yana nan yana wasa da ƙarfe. Na ce motar banza ce, mai garajin ɓarawon zaune ne, su kuma masu shan shayin ƴan cin arziki ne. Mai garaji ya sulale bayan kat-kat.

Yaya ya goge hannu da tsumma, ya ce a hankali, “Ita tac ce a kai ta cikin wata mota?”

“Ba ta cewa! Ka san ba ta cewa!”

“Duk sadda nit tambaya, da sauƙi ta ka cewa. Ke tun kina ƙarama in ƙaya ta soke ki sai ki ce maciji na. Tana jiran motata, kuma ba ni kunyata ta. Kwana kaɗan yar rage.”

Na tofar da yawu gefen sabuwar tayarsa na tafi. Har yau ban yi da-na-sanin wannan yawun ba.

Wata Asabar, ana dab da faɗuwar ruwa, na hau gari da safe kamar yadda na saba in babu lakwal. Na tarar da Inna zaune a inuwar rumbu tana dama fura. Ta ɗebo nono da ludayi ta zuba, ya sauka ƙasa gefen ƙwarya. Ta sake ɗebowa ta zuba a wurin. Na tsaya gabanta ban yi sallama ba, na ɗaga hannu na kaɗa dab da fuskarta. Ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Na ce, “Inna.”

Ta ɗan razana. “Ke ta? Yaushe kinka zo?”

“Tun yaushe, Inna?”

Ta ci gaba da juya ludayin. Can ta ce, “Tun ranar kasuwa gari bai waye min ba. Kada ki ɗaga murya.”

Na zauna a ƙasa cikin nonon. Ban buƙaci kowa ya fassara mini ba. Likitan Tawa ya faɗa mana daga baya, da muka kai ta, ya ce da da sanyi muka zo da an tsare abin da ya rage. A motar kasuwa muka kai ta, tsakanin awaki da buhunan albasa, don ta Yaya ba ta ɗaukar mutum uku.

Amma ranar, ina zaune cikin nono, salula na ciro na kira shi. Ya ɗauka, ba na jin komai sai rurin inji da oda da ihun mutane.

“Yaya, ka saurara, Inna…”

“Mun wuto Allakaye! Ta hau, wallahi ta hau! Ki ce a share ƙohwar gida!”

Ya kashe.

Inna ta ji. Kunnenta bai taɓa kuskure muryarsa ba. Ta ajiye ludayi ta ce in ɗauko mata zanenta na ƙasan akwati da farin mayafi, in kuma ba ta ruwa ta wanke fuska. Na ce Inna me za ki fita yi? Ta ce ɗiyan mutane sun sha rana sun gyara hanya, a ce ba ta fito ba? Na ɗaura mata zanen. Ta ce in sa mata kwalli. Na sa mata.

Bayan azahar suka shigo. Tun daga nesa ake jin ta, tana gurnani, tayoyin na gurzar ƙarfe duk inda ta taka rami. Gari ya fashe da guɗa. Na leƙa ta kan katanga na gan ta: ja ce har yanzu, inda fenti ya rage. Gefunanta a yayyanke, baki-baki da tabon wuta, ta ɗare bisa ƙafafun da ba nata ba, gaba ya fi baya tsawo. Kawu na gaba yana ɗaga carbi yana kora yara. Aka jagorance ta har ƙarƙashin rumfarta. Yaya ya fito cikin farar shadda, ya mayar da tabarau, ya zagayo ya buɗe ƙofar gefen mai zaman banza, ya riƙe ta, ya tsaya yana jira. Fuskarsa kamar ta yaron da ya ci jarrabawa.

Inna ta kama gefen zanena, ba hannuna ba, don kada a gane. Ta san tsakar gidanta da ƙafa, ta san zaure, ta san dokin ƙofa. Ta fito a miƙe, mayafi bisa goshi, mata na guɗa suna buɗa mana hanya. Na kai ta har gaban motar na tsaya. Da ta miƙa hannu da ta taɓa ta. Rana na dukan jan ƙarfen har yana kashe ido.

Guɗa ta lafa, kowa na jiran albarkar da za ta sa. Inna ta ɗan juya kai dama, ta juya hagu. Ta ja zanena ta ce, a hankali, amma ba a hankalin da ya isa ba:

“Ke, ina motar take?”

Na ga hannun Yaya ya saki ƙofar.

Na kama hannunta na ɗora. Bisa tayar ya sauka, don ita ta fi fitowa. Ta shafa robar mai zafi, ta bi ƙusoshinta da yatsa, ta hau sama har ta taɓa bakin ƙarfen da aka yanke, ta ɗan janye don kaifinsa, ta sake mayarwa.

Ta ce, “Kai, babba ta. Ki ce mishi Allah shi yi albarka. Allah shi tsare hanya.”

Ba wanda ya ce amin. Yaya ya cire tabarau. Ya tako, ya durƙusa cikin ƙasa da farar shaddarsa dab da ƙafafunta, ya ɗaga kai, ya kalli fuskar uwarsa a fili, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya daɗe yana kallon idon nan mai kwalli.

Ya ce, “Inna.”

Ta ji ta inda muryar ta fito. Sai ta ja mayafinta, ta kau da kai gefe, kamar yadda ta saba.